Tsagar da Toma Ya Ɓoye a Gemu

Nendirmwa tana da shekara goma sha biyar ta gano cewa babanta ya daɗe yana yi mata ƙarya a kan fuskarsa.

A Bronx aka haife ta, a Highbridge ta tashi, a hawa na biyar na wani tsohon gini da ke kan gangare, inda lif ke aiki kwana biyu ya huta kwana uku. Babanta, Toma, direban bas ne. Mamanta, Salome, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. A gida da Hausa ake yi mata magana, ita kuma ta amsa da Turanci, ko ta gauraya su in ta ga ran Toma ya fara ɓaci. A makaranta duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ita 'yar Nijeriya ce, Bahaushiya. A aji bakwai har rubutu ta yi a kan mutanensu, ta manna hoton ganuwar Kano, malama ta ba ta maki mai kyau. Toma ya karanta ya ce madalla, ya liƙa takardar a jikin firji, ta shekara uku a nan.

Toma mai cikar gemu ne, ba ya taɓa aske shi. A ƙarƙashin gashin akwai wani siririn layi daga gindin kunne zuwa haɓa. Tana ƙarama takan hau cinyarsa ta bi layin da yatsa, shi kuma ya ce mata wayar shingen gona ce ta yanke shi yana yaro. Ta taɓa tambayarsa yadda aka yi waya ta yanke shi gefe biyu daidai wa daida. Ya ce ta cika tambaya.

A watan Afrilu na 2014 mahaifiyar Toma ta iso daga Pankshin don a yi mata aikin yanar ido. Nendirmwa ba ta taɓa ganinta ba sai a hoto ɗaya, tsoho, wanda aka ɗauka daga nesa. Kaka ta shigo gidan a ƙudundune, da rigar sanyi ta Salome da wani kakkauran gyale da ta naɗe wuya da haɓa da shi. Da ɗumin ɗakin ya kama ta sai ta warware gyalen.

Layin yana nan a fuskarta. Gefe biyu, daga kunne zuwa haɓa, babu gemun da zai rufe shi.

Nendirmwa ta dubi Kaka, ta dubi babanta. Toma ya sunkuya yana fama da zif ɗin akwati.

Kaka ta lalubo fuskar yarinyar da hannu biyu, ta jawo ta kusa, ta yi ta magana, doguwar magana mai hawa da sauka. Nendirmwa ta kasa kunne ta kama ko kalma ɗaya, ba ta samu ba. Toma ya ce da Hausa, ba tare da ya ɗago ba, "Mama, ba ta ji. Yi mata da Hausa."

Tsohuwar ta ce, da wata Hausa mai tsalle-tsalle, "Sannu. Ka girma."

A kicin Nendirmwa ta tare mamanta. "Mama, wace magana ce take yi min?"

"Yarensu ne."

"Yaren su wa?"

"Su babanki mana. Ngas. Ai kin sha jin ana cewa Angas."

Ta sha ji, amma ta ɗauka sunan wani ƙauye ne. Ta buɗe baki za ta sake tambaya, Salome ta miƙa mata tire ta ce ta kai wa Kaka shayi kafin ya huce.

Ranar da za a duba idon Kaka, Toma bai samu wanda zai karɓe shi a wurin aiki ba, Salome ma haka. Makaranta tana hutu, sai aka ce Nendirmwa ta raka ta. Toma ya riga ya cike takardu, nata kawai ta riƙe hannun tsohuwa a jirgin ƙasa, ta kai ta hawa na uku na asibiti.

Likitar mace ce mai fara'a. Ta ce doka ba ta yarda yarinya ta yi tafinta a kan aikin tiyata ba, ta duba takarda ta ga an rubuta Hausa, ta danna waya. Wani tafinta ya ɗauka, ya ce sunansa Harouna, Hausarsa irin ta mutanen Nijar. Ya gaida Kaka ta amsa. Ya tambaye ta sunanta ta faɗa. Daga nan likita ta kashe fitila, ta jawo wani inji ta ɗora haɓar Kaka a kai, ta haska mata ido, ta shiga tambayoyi: wane magani take sha, ko akwai wanda jikinta ba ya so, ko an taɓa sa mata maganin barci.

Hausar Kaka ta kasuwa ce, ta gaisuwa da tayin tumatir. A cikin duhun nan, da ƙarfe a haɓarta, ita ma ta gudu ta bar ta. Ta damƙe hannun Nendirmwa ta shiga magana da sauri da Ngas.

Harouna ya ce, "Inna, ki yi a hankali." Ya saurara. Ya sake saurarawa. Sannan ya ce wa likita da Turanci, ya yi haƙuri, amma wannan ba Hausa ba ce.

Likita ta kunna fitila ta juyo wurin Nendirmwa. "Wane yare kakarki take yi?"

"Ngas."

"Ya ake rubuta shi?"

Ba ta sani ba. Nas tana riƙe da biro tana jira.

"Ke kina jin abin da take faɗa?"

"A'a."

Kaka tana nan tana jan hannunta, tana maimaita abu ɗaya, tana nuna ƙirjinta. Ko ciwo take ji, ko tsoro, ko wani magani take son faɗa, babu wanda ya sani a ɗakin. Likita ta ce ba za ta taɓa idon mutumin da ba ta da tabbacin ya gane abin da za a yi masa ba. Aka ɗaga aikin sati shida, aka ce su nemo mai jin yaren.

A jirgin komawa Kaka ta yi barci a kafaɗarta. Nendirmwa ba ta yi kuka ba. Haƙoranta kawai take cijewa har muƙamuƙinta ya yi tsami.

Toma ya dawo da la'asar, da rigar aiki a jikinsa. Bai kai ga cire takalmi ba ta tare shi a bakin ƙofa. In ta yi fushi Turanci ne ke zuwa mata, amma ranar ta tilasta wa bakinta Hausa, don kada ya samu abin fakewa.

"Baba, me ya sa ka rubuta Hausa a takardar?"

"Ba a gaisuwa?"

"An fasa aikin. Kaka tana ta magana ba wanda ya ji. Me ya sa ka rubuta Hausa?"

Ya ajiye jakarsa. "Da me kike so in rubuta? Wa ya san Ngas a garin nan?"

"Ni ma ban sani ba! An ce in rubuta sunan yarenmu na kasa! A gaban mutane!"

"Rage murya."

"Ka bar ni ina yawo ina cewa ni Bahaushiya ce. Ka bar ni na manna hoton ganuwar Kano."

"A Kano na girma. Ƙarya na yi?"

"Kaka ma waya ce ta yanke ta?"

Salome, wadda ta shigo ba da daɗewa ba, ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Toma bai motsa ba. Jijiyar gefen goshinsa ce kawai ta tashi.

Ya ce, "Nendi, ki kiyaye ni."

"Shinge ɗaya kuka faɗa kai da ita?"

"Na ce ki kiyaye ni! Me kika rasa a gidan nan? Kina da Turanci, kina da Hausa. Da su ake cin abinci. Wancan me zai yi miki? Bas za ki tuƙa da shi, ko jarrabawa za ki rubuta?"

"Da na ji abin da Kaka take faɗa yau!"

Ta wuce shi ta shiga kicin, ta fizge takardar nan daga jikin firji, ta yayyaga ta, ta watsa a kwandon shara. Toma ya biyo ta da hannu a sama, Salome ta shiga tsakani.

"Baban Nendi, ba a gaban tsohuwa ba."

Ya sauke hannun. Ya ce, "A gidana ba za a yi wannan yaren ba. Mama ta yi abinta, baƙuwa ce. Ke kuwa kada in ji." Ya shige ɗaki ya buga ƙofa.

Nendirmwa ta juya kan mamanta. "Ke ma kin sani, kika yi shiru."

"Ni ma ina da nawa yaren, can wajen Kafanchan, na manta rabinsa."

"Ke ma?"

"Ni ma. Amma ki saurara. Hausa ce ta haɗa ni da babanki. Da ita aka ɗaura mana aure a coci, da ita nake addu'a, da ita na yi miki waƙa kina goye. Ki yi fushinki, amma kada ki zage ta."

"Ban zage ta ba. Ku nake zagi."

Salome ta koma kan tukunyarta.

Washegari Nendirmwa ta kai ƙara wurin ƙawarta Zuweira, wadda iyayenta mutanen Zangon Kumasi ne. Suna zaune a kan matakalar gidan su Zuweira a Concourse Village. Zuweira ta ɗaga kafaɗa ta ce ai nata baban ma Badagombe ne, ita kuma ko gaisuwa ba ta iya da yarensu ba, kuma ba ta mutu ba. Mene ne abin zafi?

Nendirmwa ta ce, "Ke an gaya miki. Ni ɓoye min aka yi." Ta ɗauki jakarta ta tafi, sati biyu ba ta kira ta ba.

Ran Lahadi suka je sujada. Jama'arsu ba su da yawa, wani zaure suke haya a saman kanti a Grand Concourse, ana waƙoƙi da Hausa, wa'azi rabi da rabi. Bayan an tashi, wani dattijo mai furfura, Baba Yosiya, wanda ke gadin wurin ajiye motoci, ya hangi fuskar Kaka. Ya keto kujeru ya zo ya durƙusa a gabanta ya faɗi wata magana. Kaka ta zabura ta lalubo kansa. Suka yi rabin awa suna zuba, tana dariya har da buga cinya. Tun zuwanta Nendirmwa ba ta ga haƙoranta ba sai ranar. Toma ya ce zai je ya ɗumama mota.

Nendirmwa ta tsare Baba Yosiya a kan matakala. "Baba, shekara nawa kana ganina a cocin nan?"

"Tun kina zanin goyo."

"Ka san mu Ngas ne?"

"Sunanki ma ya faɗa."

"Me ya sa ba ka taɓa yi min magana ba?"

Dattijon ya sosa ƙeya. "Na taɓa gaida babanki da yare, shekara goma sha bakwai ke nan. Ya amsa min da Turanci. Wanda ya rufe ƙofarsa ba a shiga masa ta taga."

"Ni ba ƙofarsa ba ce. Ka koya min."

Ya ce ta same shi ran Asabar a rumfarsa ta gadi, kusa da tashar jirgin ƙasa na layin D. Ya kuma yarda zai yi wa Kaka tafinta a asibiti.

Koyon bai zo mata da daɗi ba. Baba Yosiya ba malami ba ne, ba shi da littafi. Sai ya nuna abu ya faɗi sunansa, ta maimaita, ya tuntsire da dariya ya ce ta sauke murya a inda ya kamata ta ɗaga, abin da ta faɗa ba a faɗarsa a gaban manya. Ya ce Turanci ya sa harshenta ya yi ƙiba. Mota ta zo ya tashi ya ɗaga mata sanda, ya dawo ya manta inda suka tsaya. Daga bakinsa ta fara jin cewa Nen ɗin da ke farkon sunanta Allah yake nufi. Ta yi shekara goma sha biyar tana amsa sunan, malamai suna karya shi yadda suka ga dama, ba wanda ya gaya mata. Wannan ma ta ƙara shi a kan laifin Toma.

A gida kuma, in ta dawo daga makaranta kafin iyayenta, sai ta zauna kusa da Kaka ta kunna wayarta tana naɗa. Kaka ta yi mata waƙoƙi, na niƙa, na raino, da wasu da ba ta san ko na mene ne ba. Ta yi ta lissafo sunayen mutane, da alama dangi ne. Nendirmwa ba ta gane ba, amma ta adana, ta ce wata rana.

Da ta tara kalmomi kamar talatin sai ta ja daga. Da safe suna karyawa ta ce wa Toma, "Baba, daga yau ba zan amsa maka da Hausa ko Turanci ba."

Ya ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. In ya ce, "Nendi, ina makullina?" sai ta dube shi ta faɗi kalmar ruwa. In ya ce ta rage ƙarar talabijin, ta ce masa akuya. In ya tambaye ta sakamakon jarrabawa, ta gaishe shi gaisuwar safe ko da yamma ce. Salome ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi barazanar kai ta wurin fasto. Toma ya daina yi mata magana, sai dai ya aika ta bakin uwarta, alhali suna zaune a tebur ɗaya.

A sati na uku, wata Asabar da rana, suna cin tuwon semo, ta ɗora wayar a tebur ta kunna ɗaya daga waƙoƙin Kaka. Da gangan ta yi. Waƙa ce mai sanyi, gajeriya, ana maimaita layi ɗaya. Kaka ta tsayar da lomarta. Toma ya ajiye tasa.

"Kashe."

Nendirmwa ta ce masa a'a da Ngas. Wannan kalmar ta iya ta sosai.

Ya miƙa hannu ya ɗauke wayar ya shiga ɗaki. Da ya fito ya ajiye mata a gefen kwano. Ta duba. Babu komai. Waƙoƙi goma sha ɗaya, da sunayen dangi, da wani dogon labari da Kaka ta yi kwana biyu tana bayarwa, duk ya goge.

Nan yajin ya karye. Ta miƙe kujera ta kife, ta yi masa da Turanci, ta yi masa da Hausa, duk wanda ya riga zuwa bakinta. Ta ce masa ɓarawo. Ta ce ya sace mata abu tun kafin a haife ta, yanzu ta samo guntu ya sake sacewa. Ta ce shi matsoraci ne da ke ɓoye fuskar uwarsa a cikin gemu. Maƙwabciyarsu ta ƙasa ta buga silin da tsintsiya. Toma ya ɗauki hularsa ya fita, bai ƙarasa tuwon ba.

An yi aikin a ƙarshen Mayu. Baba Yosiya ya ɗauki hutun yini ya tsaya a gefen gado. Ashe abin da Kaka ke ta faɗa ran farko tana nuna ƙirji shi ne akwai wata ƙwaya da aka taɓa ba ta a Jos ta toshe mata numfashi. Likita ta rubuta, ta canja magani. Da Nendirmwa ta ji haka sai ta fita baranda ta tsaya. Ba ta gaya wa Toma ba. Ta bar Baba Yosiya ya gaya masa, tana kallon fuskarsa.

Kwana uku bayan an cire bandeji, Kaka ta sa aka kira Baba Yosiya gida. Ta zauna a kan doguwar kujera, ta ce Toma ya zauna, Nendirmwa ta zauna. Ta daɗe tana kallon jikarta da sabon idon, sannan ta fara magana, Baba Yosiya yana juyawa da Hausa.

"Ta ce ido ne ya mutu mata, ba kunne ba. Ta ce tana ji uba yana tambayar makulli ana ce masa akuya. Ta ce wa ya ba ki izinin ɗaukar harshenta ki mari ubanki da shi?"

Nendirmwa ta ɗago. "Shi ne ya—"

Kaka ta ɗaga yatsa. Ta ci gaba.

"Ta ce babanki yana shekara bakwai nasa uban ya rasu. Ƙanin uban yana aikin reluwe a Kano, ya ɗauke shi ya sa shi makaranta. Hutun farko ya dawo da haƙori ɗaya a karye. Yaran unguwa sun sa masa suna saboda tsagarsa, suna kwaikwayon maganarsa, kullum sai ya yi dambe. A aji kuma in ya yi kuskure ya yi yare sai bulala. Ta ce ya kama zaninta ya ce ba zai koma ba."

Toma yana kallon kafet.

"Ta ce ita ce ta ɓamɓare hannunsa. Ta ce masa, bar yaren a nan wurina, ka je ka yi nasu har ka fi su, in ka girma ka zo ka karɓi abinka. Waƙar da kika kunna, ita ta yi masa a hanyar tasha." Baba Yosiya ya tsaya ya saurara, sannan ya ƙarasa a hankali. "Ta ce ya je ya fi su, amma bai dawo ya karɓa ba. Shekara arba'in tana ajiye da shi. In laifi kike nema, ki fara da ita."

Nendirmwa ta ce, "To na fara da ita. Ka gaya mata."

"Ba zan gaya mata haka ba."

"Ka gaya mata, Baba. Dukansu sun yanke shawara, ba wanda ya tambaye ni."

Ya gaya mata, ko wani abu kusa da haka. Kaka ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ba ta musa ba. Ta juya wurin ɗanta ta jefa masa tambaya, gajeriya, da kakkausar murya. Baba Yosiya bai fassara ba. Ta sake maimaitawa.

Toma ya buɗe baki. Kalmomi huɗu ko biyar suka fito, a rarrabe, yana lalube tsakaninsu. Ko Nendirmwa ta ji ba daidai suke ba. Baba Yosiya ya sunkuyar da kai. Kaka ta ƙyalƙyale da dariya, ta share ido, ta faɗi wani abu.

"Me ta ce?" in ji Nendirmwa.

Toma ne ya amsa, da Hausa, muryarsa a dishe. "Ta ce ina magana kamar yaron da bai fara kiwo ba." Ya miƙe ya duba agogo. "Ina ji, amma ba ya fita. Abin da kike ta zagina in ba ki ke nan. Ba ni da shi."

Ya sa hula ya tafi aiki.

Salome ta zaci daga nan za a shirya. Ba a shirya ba. Nendirmwa ta koma amsa masa da Hausa, amma a taƙaice. Ta ce wa mamanta rashin iyawa daban, ƙarya daban, gogewa kuma daban. Da ya ce mata bai iya ba, da tuni sun nemi Baba Yosiya tare. Toma bai ba ta haƙuri ba, bai kuma sake hana ta zuwa rumfar gadi ba. Ta roƙi Kaka ta sake yi mata waƙoƙin. Kaka ta yi bakwai. Sauran ta ce ba ta tuna waɗanda ta yi ba, ta hanyar tasha kuwa ta ƙi, dogon labarin ma ta ce ba a ba da shi sau biyu a shekara ɗaya.

Kaka ta koma gida a watan Agusta. Bayan shekara biyu da 'yan watanni ta rasu. Toma ya je jana'iza shi kaɗai, ya ce makaranta ba ta yi hutu ba, aka sake yin wata rigimar da maƙwabta suka ji.

A 2017 Nendirmwa ta gama sakandare. Lokacin tana iya zama da Baba Yosiya su yi hira ta minti goma kafin ta maƙale. Ƙanwar dattijon ta zo ziyara za ta koma Jos, Nendirmwa ta ce za ta bi ta, ta wuce Pankshin ta yi wata guda. Toma ya ce hanya ba lafiya, ba ta san kowa ba, ruwan can zai kayar da ita. Ta ce ta kai shekara goma sha takwas, ba izini ta zo nema ba, sanarwa ce.

Ranar tafiya shi ya kai ta filin jirgi. Tun daga Highbridge har suka haye gada ba wanda ya yi magana. A bakin tasha ya sauke mata akwati, ɗan sanda yana yi masa alamar ya matsar da mota. Ya tsaya duk da haka.

"In kin isa, kafin ki shiga gidan kowa, ki ce a kai ki wurin ƙanin kakanki. Yana nan da rai, ba ya gani sosai. Ki durƙusa. Kada ki miƙa masa hannu irin na nan."

"Na ji."

"Zai tambaye ki ni. Ki ce ina gaishe shi."

"Da wane yare zan ce ka gaishe shi?"

Toma ya dube ta. Ɗan sandan ya busa usur.

Ya ce, "Bakinki zai kashe ki wata rana." Ya shiga mota ya ja.

Ta kama hannun akwatin ta shiga ciki, inda ƙanwar Baba Yosiya ke tsaye a layi tana ɗaga mata hannu.